Jakar Ƙwallon Tsamiya ta Goggo Kubura

Goggo Kubura yayar babana ce, kuma in ka shigo unguwarmu a Gwandu ka ce gidan mai jaka kake nema, babu wanda zai tambaye ka wace jaka. Sana'arta ɗinkin faifai, da shi ta ci ta sha tun kafin a haife ni, amma ba faifai ya sa aka san ta ba. Wata 'yar jaka ce ta saƙi, ta yi baƙi don tsufa, cike da ƙwallon tsamiya. Ta gaje ta wurin mahaifiyarsu, wadda dukkanmu muke kira Inna, yau shekara talatin da ɗaya ke nan.

Ga aikin jakar. Idan damuwa ta sami wani gida, haihuwa ta zo da gardama, ko ciwo ya ƙi jin magani, ko ɗa ya tafi cirani an daina jin ɗuriyarsa, sai a aiko wa Goggo. Washegari da hantsi mata su taru a tsakar gidanta, ta juye ƙwallayen cikin ƙwarya, ta ajiye wata ƙwaryar babu komai a gefe. Kowace mace ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta riƙe, ta ja Ya Latifu sau ɗari da ashirin da tara, ta jefa shi cikin ƙwarya ta biyu, ta ɗauki wani. Ƙwallayen su ma ɗari da ashirin da tara ne. Idan ƙwaryar farko ta koma wayam, an ambaci sunan Allah sau dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya ke nan, sai a yi addu'a a shafa, a sha kunu, kowa ta kama gabanta. Malamai sun ce in aka yi hisabin haruffan sunan, ɗari da ashirin da tara ake samu, shi ya sa. Na san akwai masu cewa wannan ƙidayar duk ba dole ba ce, har a gidanmu akwai su. Ni ban shiga nan ba, labarin Goggona nake bayarwa.

Ba da tasbaha ake ja ba, don mata kan rikice wajen ciko. Inna ce ta murza igiyoyin rama, kowace da ƙulli arba'in da uku. Ka zagaya igiya sau uku, ka gama ƙwallo ɗaya.

Ni Lami sunana, lissafi nake koyarwa a makarantar firamare, kuma wannan igiyar ce ta fara ɗaure min kai bayan na dawo daga kwaleji. Na zauna da takarda na buɗe cikin lambar nan, dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya. Mara ce, biyu ba ta raba ta. Lamba ce da aka ninka da kanta, wato da za ka jera ƙwallo ɗari da ashirin da tara a tsaye, ɗari da ashirin da tara a kwance, fili ne mai kusurwa huɗu cif, babu gefen da ya fi wani. In ka ci gaba da farfasa ta, ba za ka sami komai a cikinta ba sai uku sau biyu da arba'in da uku sau biyu. Ita kuwa arba'in da uku taurin kai gare ta, ba abin da ke raba ta sai ɗaya sai ita kanta. Duk duniya lambobi tara ne kawai ke raba babbar lambar ba tare da saura ba. Mutum uku za su iya raba ta daidai, mutum tara ma haka, daga nan kuwa sai ka tsallaka har arba'in da uku. To ina Inna, wadda ko allo ba ta yi nisa a kai ba, ta gano arba'in da ukun nan? Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma shi ya sa raina ke ɓaci in na ji wani ɗan boko ya buɗe baki ya kira tsofaffinmu jahilai.

Na kwashi takardata da rawar jiki na kai wa Goggo. Tana ɗinki, ba ta ko ɗago kai ba, na yi ta zuba har bakina ya bushe.

Ta ce, "To Malama, mun ji. Mara ta, ba ta rabuwa biyu. Wanga ko yaran da ka wasan cika ko mara da gyaɗa sun san shi. Miƙo mini kaba."

Haka take. Ba ta yabo, ba ta kuma son hayaniya. Doguwa ce siririya, haƙorin gabanta ɗaya ya karye tun tana budurwa, in za ta yi dariya sai ta kare baki da bayan hannu. Mijinta Malam Zubair, manomin albasa, ya rasu shekara ashirin da biyu da suka wuce, ta ƙi sake aure, ta ce ta gaji da tambayar me za a dafa. 'Ya'yanta biyu maza suna nan kusa, suna kawo mata hatsi. Da safe ta share gida, ta ba awakinta uku dusa, ta zauna gindin darbejiya da kabarta, rediyo na yi mata surutu. Ban taɓa jin ta ce tana neman wani abu da ba ta da shi ba. Ko kunun da ake sha bayan zama, ita ke damawa da geronta, kuma in ka kawo mata wani abu da sunan godiya za ka koma da kayanka da baƙar magana a kai.

Doka ɗaya ce a kan jakar, Inna ta kafa ta: ba a ƙidaya ƙwallon, ba a kuma raba shi. Inna 'yar rugga ce, daga Fulanin da ke zaune a gefen gari, su kuwa ko shanunsu ba sa ƙidayawa da baki, a ido suke sanin wadda ba ta dawo ba. Ta ce kowa ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kada a san wadda ta ja goma da wadda ta ja biyu, don kada wata ta fita tana ɗaga kai. Ranar da ta miƙa wa Goggo jakar, tana kwance ciwon ajali, abin da ta faɗa kawai shi ne, "A cike take." Goggo ta karɓa a haka, shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa zama ta ce bari in gani ba.

Ni ce na ɓata wannan zaman lafiyar, da bakina da ba ya iya shiru.

Daminar bara ruwa ya ɗauke kwana goma sha takwas bayan gero ya kai gwiwa. Ganye ya fara nannaɗewa, maza suka fita roƙon ruwa, mata kuma suka ce a zauna gidan Goggo. Ranar Asabar ce, ba makaranta, na je. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba, har daga Ceberu da Maruda mata sun zo a kan babura, igiyoyi suka kasa, wasu biyu biyu suka riƙa. To mu malamai cuta gare mu, ba ma iya ganin mutane a zaune mu ƙi ƙidaya kawuna. Na ƙidaya, na sake ƙidayawa. Arba'in da uku, har da ni da Goggo. Kai! Na ce da ƙarfi, "Goggo, yau ga ikon Allah, mu arba'in da uku ne cif. Kowa ta ɗauki uku, a tashi tare, ba wadda ta fi wata."

Ta harare ni. Amma rana ta yi zafi, masu goyo sun fara ƙorafi, mata suka yi caa, kowa na cewa ai Malama ta kawo shawara. Goggo ta tura min ƙwaryar da ƙafa. Na bi layi ina ba kowa uku uku, ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. Na ɗauki nawa, na dawo gaban Goggo, ita ce ta ƙarshe. Biyu suka rage a ƙwarya.

Aka ɗaga tabarmi, aka kakkaɓe zannuwa, aka juya jakar ciki waje, kowace mace ta buɗe tafin hannunta na duba. Uku, uku, uku. Na sake ƙidaya mata, arba'in da uku ne. Babu wani ɓoye-ɓoye, ƙwallo ɗari da ashirin da takwas ne a jakar. Wata ta ce ai yau ya faɗi, akuya ta haɗiye. Goggo ta ɗauki biyun da suka rage. Ta ja nata biyu, ta ƙara zagaye uku na igiya hannu wofi don a cika, aka shafa, aka sha kunu. Da mata suka watse sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ƙwallo biyun nan har yanzu suna hannunta.

Na ce, "Goggo, don Allah ki yi haƙuri, ƙila jiya ko shekaranjiya ya ɓace."

Ta ce, "Ba jiya ba ne, ɗiyar Ɗalha. Zamna ki ji."

In ta kira ni da sunan babana, to magana ce babba. Na zauna. Ta ce kafin yau sau ɗaya tak ta taɓa karya dokar Inna, lokacin da Malam Zubair ke kwance. Kaka ce, kowa yana gona, ba ta sami mata ba sai maƙwabciyarta guda. Don su yi sauri sai suka raba ƙwallon, ke ɗaya ni ɗaya, ke ɗaya ni ɗaya, har ƙwarya ta ƙare.

"Munka tashi daidai, Lami. Ba saura ko ɗaya. Har murna niy yi, nic ce alama ce mai kyau." Ta dube ni. "Mara tana rabuwa biyu?"

Ba ta rabuwa. Ɗari da ashirin da takwas kuwa ba abin da ta iya sai rabuwa biyu, ka yi ta raba ta har ta koma ɗaya ba za ta taɓa barin saura ba. Wato tun shekara ashirin da biyu, ko fiye, jakar ba a cike take ba. Duk zaman da aka yi dubu goma sha shida da ɗari biyar da goma sha biyu ake tsayawa, ana tashi da giɓin ɗari da ashirin da tara. Malam Zubair ya rasu kwana huɗu bayan wancan zaman.

Na yi mata duk maganar da ake yi. Na ce Allah niyya yake dubawa, na ce ajali ba ya jiran ƙwallon tsamiya. Ta ce ta san wannan tun ban zo duniya ba, kada in yi mata wa'azi. Abin da ke cin ta daban ne. Mutane sun zo da kukansu sun ce a ja musu kaza, ta ce an ja, suka tafi da sanyin zuciya, ashe ƙarya ta yi musu. Mijinta ma da bakinta ta shiga ta ce masa, Malam an cika maka, ya ce Allah ya yi miki albarka. Ta ce wannan albarkar ba ta san ko tata ce ba.

Ruwa ya sauko bayan kwana biyar, gari ya yi ta murna, Goggo kuwa ta rataye jakar a ƙusa ta daina taɓa ta. Aka aiko sau biyu a zauna, ta ce ba ta jin daɗi. Faifan da ta fara ya yi mako uku bai ƙaru ba. Na ji haushin kaina ƙwarai, har na tsani takardar nan da na taɓa yin taƙama da ita. Na kawo mata ƙwallon tsamiya sabo na ce a cika kawai a wuce wurin, ta ce in fitar mata da shi daga gida, cika na gaba ba ya gyara na baya.

Ranar wata Alhamis ta aiko kirana. Na tarar ta yi shiri, jakar na ƙulle a cikin mayafi. Ta ce in raka ta Kalgo wurin ƙanwarta, Goggo Sadiya. Ta yanke shawara: jakar kayan Inna ce, ita ta kasa riƙon amana, za ta miƙa wa wadda ta rage, in ta dawo kuma ta bi gida gida ta faɗa wa duk wanda ta taɓa zauna wa gaskiya. Na ce ga waya, a kira mana. Ta ce irin wagga magana ba a yin ta da mutum ba ka ganin idonsa.

Goggo Sadiya ita ce autarsu. Shekara talatin da huɗu da aka kai ta Kalgo, gidan manoman shinkafa a bakin fadama, kuma tun daga nan sai biki ko rasuwa ke kawo ta Gwandu, ta kwana biyu ta juya. Ita gajera ce mai jiki, mai dariya, ba ka cewa ciki ɗaya suka fito. Muka hau bas zuwa Birnin Kebbi, muka canza wata zuwa Kalgo. Mun sami Goggo Sadiya tana turara shinkafa a rabin ganga, hayaƙi ya cika gida. Ta watsar da muciya ta taho da gudu wurin yayarta, wadda take kira Adda.

"Lale, lale! Adda, lafiya kuwa? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ba mu ruwa, sannan ki zamna."

Bayan an gaisa an sha ruwa, Goggo Kubura ta kwance mayafi ta ajiye jakar a gaban ƙanwarta. Ta faɗi komai, tiryan-tiryan, ba ta rage wa kanta laifi ko kaɗan ba, ba ta kuma ambaci cewa ni na jawo ba. Ta ce, "Inna ta ba ni a cike, ni na yar da ɗaya ban sani ba. Ɗari da ashirin da takwas na a ciki. Karɓi kayanki."

Goggo Sadiya ta dubi jakar, ta dubi yayarta. Ta ce, "To da nawa kike so su zama?"

"Kina yi mini wasa? Da tara mana!"

"Da tara in an haɗa da nawa, Adda."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wata igiyar rama irin tamu sak, ta yi laushi ta yi baƙi, a ƙarshenta an ɗaure wani ɗan ƙyalle. Ta kwance ƙyallen da haƙori. Ƙwallon tsamiya ne guda, ya sha hannu har yana ƙyalli, gefensa ɗaya ya sulɓe ya zama sumul.

Ta ce ranar da za a kawo ta Kalgo tana ta kuka, tana cewa an raba ta da gida, Inna ta jawo ta ɗaki ta buɗe jakar ta ciro wannan ta danƙa mata. Inna ta ce mata, ga rabonki, duk zaman da anka yi kina ciki, ke za ki riƙa cika muna. Ita kuwa ta tambaya, to yaya za ta san ranar da aka zauna, ga nisa, ba mai aike? Inna ta ce wannan kuma ke ta shafa.

"Sai nig ga abin mai sauƙi na," in ji Goggo Sadiya. "Tunda ban san ranar ba, sai in yi kullum. In na sallame asuba, zagaye ukku, kafin in hura wuta. Ai na ɗauka kin sani."

Goggo Kubura ta miƙa hannu ta taɓa ƙwallon da ɗan yatsa, ba ta ɗauka ba. Muryarta ta fito ƙasa ƙasa.

"Kullum?"

"Kullum."

"Da kina jego fa?"

"Bakina aka ɗaure? Ko ranar da na haifi Nasiru sai da na ja, ungozoma na yi mini faɗa."

"Shekarar da Malam ya kwanta, da kaka..."

"Adda, kullum nic ce miki."

Ban taɓa ganin Goggo Kubura ta yi kuka ba, ko ranar da aka fita da Inna an ce idonta a bushe yake. Ranar nan ta yi, ta kare baki da bayan hannu kamar yadda take yi in za ta yi dariya, kafaɗunta na rawa. Ni ma na yi, ba na jin kunyar faɗa. Da ta share ido kuwa sai halin ya dawo.

"Ke dai an yi sakarya! Shekara talatin da huɗu ba ki iya buɗe baki ki faɗi?"

"Ke kin taɓa tambaya? Kullum in na zo sai ki ce na yi ƙiba."

Suka yi ta yi, ni ina gefe ina dariya da hawaye. Cutar tawa ta motsa, na jawo waya na fara dannawa, ina cewa bari mu gani, shekara talatin da huɗu, kowace rana ɗari da ashirin da tara, ai ya haura miliyan. Goggo Kubura ta buge min hannu har wayar ta faɗi kan tabarma.

"Kul! Ba ki daddara ba? Wanga ba a ƙidaya shi."

Goggo Sadiya ta ce ko a mayar da ƙwallon cikin jaka, tunda yanzu ga waya, sai a huta da ruɗani. Goggo Kubura ta ɗaure shi da kanta a ƙyallen, ta danƙa mata a hannu ta rufe yatsunta a kai. Ta ce inda Inna ta aje shi nan zai zauna. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, ta ci har ta nemi ƙari, abin da ban taɓa gani ba.

Yanzu an koma zama kamar da. Jakar na nan da ɗari da ashirin da takwas, kuma an hana ni raba komai, in na zo bakin ƙofa ake ajiye ni da igiyata. In ƙwarya ta ƙare Goggo kan ce, "Na Kalgo ya shigo tun da asuba," sannan a shafa. Baƙi ba sa gane maganar, ba ta kuma yi musu bayani.

Amma abin da ya fi zauna min shi ne a mota, ranar da muke dawowa. Mun wuce Birnin Kebbi, gero ya yi kore shar a dama da hagu, tana rungume da jakar a cinya tana kallon taga. Na ɗauka barci take. Sai na ji ta yi magana, ba da ni ba.

"Ashe ban yi maka ƙarya ba, Malam. An cika maka. Kwananka na sunka ƙare."

Ta gyara mayafinta, ta tambaye ni ko na tuna na bar wa awaki ruwa.